Kaka A Kurmin Bayan Garinmu

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, masu jiran ci gaban littafi su yi mini haƙuri zuwa wani makon, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so in rubuta shi tun wurin da zan yi magana a kansa yana nan.

Bahaushe idan ya ce kaka, gona yake nufi. Gero ya shiga rumbu, ana cirar gyaɗa, dawa ta sunkuyar da kai, bukukuwan aure da dambe sun tashi, mai bin bashi ya fara zagaye gida-gida. Duk wannan gaskiya ne. Amma daji ma yana da tasa kakar, sai dai ba a cika ba da labarinta ba, hatta a littattafan da ake sayarwa a kasuwa, inda za ka tarar da saurayi da budurwa zaune a wani lambu mai furanni kala-kala, iska mai ni'ima tana kaɗawa, tsuntsaye suna kuka, amma babu mai gaya maka wace bishiya ce, wane tsuntsu ne, ko wane wata ake ciki. Lambun nan ba shi da rani ba shi da damina. Wurin da ni na sani kuwa, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Disamba, kusan duk mako sai ya sake kama.

Garin mahaifina yana ƙasar Rano, kudu da birnin Kano, ba nisa sosai da madatsar ruwa ta Tiga wadda aka gama a 1974. A bayan gari, idan ka wuce gonakin ƙarshe ka gangara, akwai wani rafi da ba ya gudu sai da damina, to a bakinsa kurmin yake. Kada mai karatu ya ɗauka wani ƙungurmin daji ne irin na Falgore da ke can kudu da mu a hanyar Jos. Namu idan ka sa kai ta wannan gefe, kafin ka gama shan rake gaɓa uku ka ɓulla ta wancan. Akwai kukoki biyu tsofaffi a bakin shiga, akwai tsamiya, kanya, ɗinya, marke, kirya, da gurjiya guda ɗaya a kan tudu, sannan ta ɓangaren gonaki gawo ne suka yi layi kamar masu gadi. Duk kaka nakan bar Kano in je in yi kwanaki wajen Goggo, ƙanwar mahaifina, wani lokaci sau biyu ko sau uku kafin sanyi ya kankama, kuma ita ce take shiga da ni wurin. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce Uwata.

Jiki ne yake fara sanin kaka ta zo, ido yana baya. Bayan markar watan Agusta ta wuce, ruwa ya fara ja da baya, sai a shiga wani zafi mai naci da manoma suke kira agazari, rana ta buɗe sosai ga kuma danshi bai bar ƙasa ba, ka yi ta gumi ko kana zaune a inuwa. Hadari zai haɗu da yamma ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta cida da walƙiya kamar zai tashi duniya, daga ƙarshe iska ta watsa shi ko ɗigo bai sauko ba. Goggo idan ta ga irin wannan sai ta ce, "Sallama yake yi, Uwata, mai tafiya ai ya fi kowa yawan surutu." Da asuba kuwa raɓa ce take sauka kamar an yi yayyafi, kafin ka kai bakin kurmi zaninka ya jiƙe sharkaf har gwiwa, saƙar gizo-gizo duk ta fito fili a kan ciyawa saboda ɗigon da ya maƙale mata. Wannan raɓar ita take ƙarasa nunar da dawa da wake, in ji manoma, kuma ranar da ka fita da asuba ka dawo da zani a bushe, to ka san iska ta juya.

Ciyawa ce ta biyu. Gamba da ta yi tsawo har ta shanye mutum takan fitar da kai ta fara yin ruwan ƙasa daga sama, kyasuwa ta yi wani ja-ja mai laushi wanda idan rana ta yi ƙasa ta haske shi ta baya sai ka rantse wuta ce take ci a hankali. Tafasa ta zubar da ganye ta bar 'ya'yanta dogaye, kana taɓa ta da ƙafa suna ƙara. Sai kuma uwar gayya ƙarangiya, wadda da damina ba wanda ya san da zamanta, yanzu ta nuna, ta kama zani, ta kama gashin akuya, ta kama duk wanda ya bi ta kanta. Wallahi akwai ranar da na fi awa guda ina cire ta daga bakin hijabina. Maza kuma a lokacin suke rige-rigen yankan gamba don saƙar zana, saboda kowa ya san wuta tana tafe.

A cikin bishiyoyi kuka ce mai saurin sallamawa. Tun sauran suna kore shar ita ganyenta ya fara yin ɗorawa-ɗorawa yana kaɗewa, kafin wata guda ta tsaya tsirara, sai 'ya'yanta masu laushin gashi suna reto a dogayen igiyoyi, ba za su bushe a sha ba sai sanyi ya yi nisa. Shi ya sa mata ba sa wasa da makonnin farko. Wadda ba ta tara kukar miyarta a lokacin ba, za ta saya da tsada da rani. Yara maza su hau, mata su sa maƙata daga ƙasa, a cika buhuna a kai gida. Goggo ba ta yarda a shanya mata kuka a rana, a ɗaki take baza ta a kan tabarma har ta bushe, ta ce wadda rana ta daka miyarta fari take yi, ba yauƙi ba ƙamshi. Duk wanda ya taɓa cin miyar kukar da aka busar a inuwa ya san ba ƙarya ta yi ba. Wata shekara na tambaye ta me ya sa kuka, duk girmanta da ruwan da take ajiyewa a cikinta, ita ce ta fi kowa gaggawar zubar da ganye. Ta dube ni ta ce, "Uwata, mai dukiya ai shi ya fi kowa saurin kulle ƙofa."

Amsar tata ba ta yi nisa da abin da malamin aikin gona ya koya mana a sakandare ba. Ganye ƙofa ce da ruwa yake fita ta cikinta. Idan ƙasa ta fara bushewa, bishiya takan janye abincin da ke cikin ganyen ta mayar jikinta, koren ya tafi, launin da yake ɓoye a ƙarƙashinsa ya bayyana, sannan ta toshe gindin ganyen ta sake shi. A kurminmu marke ne ya fi nuna wannan. Ƙananan ganyayensa sukan koma rawaya, wasu su yi jaja-jaja kamar an shafa musu lalle, idan iska ta kaɗa su yi ta zubowa a kanka ba ƙara. Masu fassara sukan ari kalmar kaka su ba lokacin zubar ganye na ƙasashen Turai, wanda shi ma yake faɗowa daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma hotunan dazukansu ja da rawaya sun cika kalandu da fuskokin wayoyi. To amma su sanyi da gajartar yini ne suke sa bishiyoyinsu tuɓewa. Mu a nan bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba, za ka dai lura magariba tana ɗan matsowa. Namu ƙishirwa ce. Shi ya sa ba sa tuɓewa tare: wadda take kan tudu ta riga wadda take bakin rafi, kanya da tsamiya kuwa ko a jikinsu, da rigarsu za su ƙetare rani.

Sai gawo. A kansa nake so in ɗan daɗe, domin shi ne abin da yake mayar da ni wurin nan duk shekara.

Duk tsawon damina, lokacin da ko sandar da aka kafa a shinge tana tofo, gawo yana tsaye fari fat ba ganye, sai ƙaya, baƙo ya gan shi ya ce ya mutu. Mutanenmu suna cewa ya ƙi ruwan Allah. Amma ruwa yana ɗaukewa, a daidai makonnin da kuka take kaɗe nata, sai ka ga rassansa sun fara yin wani kore mai haɗe da toka-toka, kamar hayaƙi ya sauka a kansu. Ka koma bayan kwana goma ka tarar ya rufe ruf. Akwai wani dutse da nake zama a kai, daga nan ina ganin tsohuwar kuka a hannun dama, gawo a hannun hagu, ɗaya tana tuɓewa ɗaya yana sa riga, a mako guda, a ƙasa guda, ƙarƙashin rana guda. Na ga wannan ya fi sau ashirin, kuma har gobe idan na gani sai na yi tasbihi. Daga baya ya fitar da fure mai ruwan madara, ƙudan zuma su yi masa caa tun da sassafe har kana jin gunjinsu daga nesa, domin a lokacin furanni sun fara ƙaranci a daji. Masu amya sun san haka, shi ya sa suke ɗaura ta kusa da shi.

Sirrinsa a saiwa yake. Tana nutsawa ƙasa sosai har ta tarar da ruwan da sauran ba sa kaiwa, don haka bai damu da na sama ba. Kuma wannan bauɗaɗɗen hali nasa shi ne arzikin manomi. Da damina ba ya yi wa shuka inuwa tunda ba ganye, ganyen da ya zubar a farkon ruwa ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi irin yadda ta wake da gyaɗa suke yi, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa suna jiran 'ya'yansa masu lanƙwasa su faɗo, su bar kashinsu a wurin. Je ka dubi geron da ya fito a gindin gawo ka dubi na nesa da shi, ba sai an yi maka bayani ba. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka sa hukunci mai tsanani a kan mai saran sa.

Ta wajen kayan marmari, ɗinya ce take buɗe fage, ta yi baƙi ta zubo, yara su dawo gida da haƙora kamar sun sha tawada, tsofaffi su tara su dafa maɗi. Kanya tana biye, sai sanyi ya fara shigowa take yin rawaya ta yi zaƙi. Muna yara mukan ce kanya ta nuna biri ya karye ba tare da mun ga abin mamaki a ciki ba, saboda birai suna zuwa kanyar nan da gaske, jajaye, garke guda, ana korarsu daga gonakin gyaɗa da gwangwani. 'Ya'yana sun san karin maganar, sun iya sa ta a jarrabawar Hausa, amma biri sai a gidan zu suka gan shi. Magarya da aduwa da tsamiya su sai hunturu ya zauna.

Tsuntsaye ma suna da nasu sauyin. Shamuwa da ta zo mana da albishir ɗin ruwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gari, wata safiya za ka ga sun taru da yawa suna kewaya sama, bayan kwana biyu ka nemi ko ɗaya ka rasa, sun bi ruwa sun yi kudancin Afirka. Mulufi da ya yi damina yana taƙama da jar riga a kan karan gero sai ya tuɓe ta ya koma ruwan ƙasa, ba ka bambanta shi da matarsa. Cilakowa kuma su yi ta wucewa kudu a jere, ɗaya bayan ɗaya, da irin tashin nan nasu na a kaɗa fiffike a yi sama a saki jiki a yi ƙasa, suna fito mai ban tausayi. A daidai lokacin ne wasu ƙananan baƙi suke sauka a cikin sabara da kalgo, marasa kwalliya, waɗanda sanyin Turai ya koro suka ƙetaro Sahara. Manyan ayarinsu, da agwagin ruwa, fadamun Haɗeja da Nguru suke nufa, mu dai 'yan ragowa muke samu. Goggo ba ta yarda da wannan zance ba ko kaɗan. Ta ce tsuntsun da bai kai ɗan tsako ba ina shi ina ƙasar Turawa, "ku dai 'yan boko ba ku rasa abin faɗa."

Wata rana cikin Nuwamba za ka tashi ka ji leɓɓanka sun bushe, duwatsun Rano da kake hangowa kullum sun ɓace cikin hazo, rana ta fito fara kamar faranti har kana iya kallonta. Iska ta koma tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da ta kwaso tun daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi. Kurmi yakan sauya murya a ranar. Da damina shiru ne da shi mai nauyi, ƙasa tana haɗiye sawu, sai kukan kwaɗi. Yanzu ko ƙadangare ne ya gudu cikin busasshen ganye sai gabanka ya faɗi ka ɗauka maciji ne. Rafi ya tsinke ya zama 'yan kududdufai, yara suna kamun tarwaɗa da hannu a cikin taɓo. An girbe dawa, Fulani sun sauko da shanu suna cin kara, balbela tana bin su. Sai kuma wuta, wadda ba a taɓa sanin wanda ya sa ta ba, ko da yake kowa ya san masu neman gafiya ne. Shirwa ta cika sama tana cafke farar da hayaƙi ya tasa. Bayan kwana kaɗan, a tsakiyar baƙin toka, gurjiyar kan tudu da ba ta da ganye ko ɗaya ta fitar da furanni ja wur masu kauri kamar an ɗora mata kofuna.

To ga abin da ya sa na ce ina so in rubuta tun wurin yana nan. Kurmin da nake ba ku labari ya ragu ƙwarai a kan wanda na sani ina yarinya. A da rana ba ta taɓa ƙasa a tsakiyarsa, yanzu kana tsaye a wannan gefe kana hango mai wucewa a wancan. Kirya ce ta fara tafiya, domin gawayinta ya fi na kowa daɗewa yana ci, maƙera sun san haka tun tuni, kuma da ita ake sassaƙa turmi. Marke ya bi baya. Jan ganyen da na kwatanta muku ɗazu, a 'yan bishiyoyin da suka rage nake ganinsa, sauran kututture ne. Tun da kuɗin gas da kananzir suka yi tashin gwauron zabi, musamman daga 2023, buhunan gawayi suke ta ƙaruwa a bakin titi suna jiran motar Kano. Ba na zagin mai sara. Mutum ne da iyali, gonarsa ba ta kai shi rani, ga mai saye da kuɗi a hannu. Tukunyar birni ce take cin kurmin ƙauye.

Tsofaffi suna cewa abin da ya tsare wurin a da tsoro ne. An yi imani akwai iskoki a kukokin nan da tsamiya, ba mai shiga da gatari, ba mai shiga da tsakar rana. Ilimin addini ya yaɗu, tsoron ya tafi, kuma alhamdu lillahi da tafiyarsa, ba ni ce zan ce a koma wa camfi ba. Sai dai da ya tafi ba a ajiye komai a gurbinsa ba, alhali a cikin addinin namu akwai falalar dasa bishiya da ladan duk abin da ya ci daga gare ta, mutum ne ko tsuntsu ko dabba. Ban cika jin an yi huɗuba a kan wannan ba.

Abin da ya fi damuna ma ba saran ba ne. Na zagaya layin gawon nan kaf ina neman ƙarami, wanda zai gaji manyan, da ƙyar na ga 'yan tsiraru. Duk tsofaffi ne, Fulani sun sassare musu rassa don shanu, wasu sun fara ruɓewa ta ciki. Ba wai ba ya haihuwa ba ne, yana tsirowa sosai daga kashin awaki, amma lokacin sharar gona ake sare shi tare da sauran tsiro, wanda ya tsira kuma akuya ta gama da shi da rani. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ta fi tamu bushewa nesa ba kusa ba, tun wajen 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma su daina ƙone tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Ba rami, ba ban ruwa, ba sayen dashe. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma a yankin Damagaram mafi yawansu gawo ne. Hausawa ne 'yan uwanmu suka yi wannan aiki, da fartanya da adda irin namu.

Na kai wa ƙanena wannan zance, shi da yake noma gonar mahaifinmu da ke jikin kurmin. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yaya, ke da kike birni kina rubuta littafi, ni ne zan yi ta kewaye ƙaya da garma." Muka yi dariya aka bar maganar. Amma da sharar gona ta zo ya bar toho biyu a kan iyaka, ban sani ba ko don maganata ko don kunyar Goggo, wadda ta sa jikokinta suka saro ƙayar magarya ta kewaye su da hannunta. Bara da na je a ƙarshen Nuwamba, ɗaya ya kawo mini ƙugu, ya yi ganye lif a tsakiyar busasshen kara. Ɗayan awaki sun sami kafa sun cinye masa kai, ya sake fitowa ta gefe, Goggo ta ƙara masa ƙaya.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya.